Wa Zai Sani? Sharhi Kan Kyautar Ɗan Tayi a Asibitocin Legas

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Agege, don kada cunkoson hanya ya cinye mana lokacin ganin likita. Ni 'yar rakiya ce kuma tafinta. Yayata, wadda iyayenmu mata suke ciki ɗaya, shekararta 17 a ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Turancinta ya isa ta yi ciniki a Mile 12, amma bai isa ta bi bayanin likita ba, shi ya sa ta ce in ajiye aikina in zo in zama kunnenta.

Likitar mace ce mai haƙuri, ta baza takardun gwaji a kan tebur tana bi da mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a shekara 43 ƙwan Yaya ya kusa ƙarewa, wanda ya rage ma ba lallai ya yi inganci ba. Shi kuma maigidan, wanda sai bara ya yarda aka gwada shi, ƙwayoyin haihuwarsa kaɗan ne, kuma ba su da kuzari. Amma mahaifarta lafiya lau. Daga nan ta ɗan sassauta murya ta ce akwai wata hanya. Akwai ma'auratan da aka yi wa dashe suka samu 'ya'yansu, aka bar sauran 'yan tayinsu a daskare, kuma sun amince a ba wa wasu. Za a iya saka wa Yaya ɗaya, ta ɗauki ciki, ta je awo, ta haihu kamar kowace mace.

Na fassara. Yaya ta yi shiru tana murza gefen mayafinta, sannan ta dube ni, ba likitar ba, ta ce: "Ke, tambayar min ita. Wa zai sani?"

Tun ranar nake juya wannan tambaya. Na yi imani a cikinta ne duk zaƙin wannan hanya yake, a cikinta ne kuma duk haɗarinta yake.

Sai an fahimci yadda dashe yake kafin a gane daga ina waɗannan 'yan tayi suke fitowa. A al'ada mace ƙwai ɗaya take saki a wata. A aikin dashe, wanda likitoci ke kira IVF, ana yi mata allurai na kusan kwana 10 zuwa 12 don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, sai a zuƙo su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyin miji a ɗakin gwaji. Waɗanda suka haɗu a bar su su yi kwana 3 ko 5 suna rarrabuwa. A kwana na biyar ɗan tayi bai kai ɗigon biro girma ba, sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Likita zai mayar da ɗaya ko biyu cikin mahaifa. To mace mai ƙuruciya tana iya tashi da masu kyau shida ko takwas. Sauran sai a daskarar da su cikin ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda duk wani motsin rai yake tsayawa cik.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Louise Brown, jaririyar farko ta dashe, a Ingila aka haife ta ranar 25 ga Yulin 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A 1984 aka haifi wata yarinya a Melbourne ta Ostareliya daga ɗan tayin da aka daskarar aka narkar. Daɗewar da ɗan tayi yake iya yi a tanki tana da ban mamaki: a 2020 an haifi yarinya a jihar Tennessee ta Amurka daga ɗan tayin da aka ajiye tun 1992, shekara 27 ke nan yana jira, kuma wasu ma'aurata daban ne suka bayar da shi. Saboda haka duk inda ake dashe, tankuna suna cika. Masu su sun gama haihuwa, ko aure ya mutu, ko kuɗin ajiya na shekara-shekara ya gagara. Dole a yi ɗaya daga cikin huɗu: a ci gaba da biya, a bar su su mutu, a ba masu bincike, ko a ba wasu ma'aurata. Na huɗun shi ne abin da aka yi wa Yaya tayinsa.

In ta fuskar likitanci ne kawai, hanya ce mai sauƙi, kuma ba zan rage mata komai ba. Ba a yi wa mai karɓa waɗannan allurai masu wahala da tsada na nunar da ƙwai, ba a zuƙo mata komai. Magungunan da ke shirya bangon mahaifa ake ba ta na 'yan makonni, a riƙa dubawa da na'urar hoton ciki har bangon ya yi kauri. Ranar dashe a narkar da ɗan tayin, a shigar da shi ta siririn bututu, aikin 'yan mintuna ne, galibi ko allurar barci ba a yi. Bayan kwana 10 zuwa 14 a gwada jini. Kuɗinta ya kan gaza na cikakken dashe, wanda yanzu a Legas maganar miliyoyin naira ake yi. Sannan nasararta tana bin shekarun matar da ta ba da ƙwai a lokacin da aka ɗebe shi, fiye da shekarun wadda za ta ɗauki cikin. Ƙwai ne yake saurin tsufa, mahaifa tana da juriya. Shi ya sa ake yi wa mace irin Yaya wannan tayi, da wadda al'adarta ta ɗauke da wuri, da wadda maganin ciwon daji ya ƙone mata ƙwai, da ma'auratan da matsala ta haɗo su duka biyu.

Amma ba kowane dashe ke kamawa ba, kuma wanda ya kama yana iya zubewa. Cikin da aka samu da ƙwan wata mace ya fi saurin zuwa da hawan jinin masu ciki, wanda in ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga, ga kuma shekaru sun ja. In aka saka biyu ko uku don neman tabbas, sai a faɗa haɗarin tagwaye da haihuwar bakwaini. Asibitin kirki zai tabbatar an gwada masu bayarwa cutar ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, a kuma duba rukunin jininsu saboda sikila. Wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da AS, wato ya gaji irin sikila daga ɗaya cikin iyayensa.

Mutanenmu na Idi-Araba da yawa ba su san cewa a maƙwabtansu wannan aiki ya fara a Najeriya ba. A asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba ne Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru suka fara gwada dashe a shekarun 1980. A 1998 aka haifi Hannatu Kupchi a asibitin Nisa da ke Abuja ta hannun Dakta Ibrahim Wada, labarin da ya sa 'yan Arewa da dama suka fara jin sunan IVF. Yau asibitocin haihuwa masu zaman kansu sun cika Ikeja da Ikoyi da Lekki. Ilimi ya yi gaba, doka tana baya tana jan ƙafa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasar, ta hana cinikin sassan jikin mutum, amma ba ta zauna ta warware waye uwa waye uba idan an yi kyautar ɗan tayi ba. Jihar Legas ta fitar da ƙa'idojin aikin dashe a 2019, ga hukumar HEFAMAA mai yi wa asibitoci rajista, ga ƙungiyar likitocin haihuwa ta AFRH mai nata ƙa'idojin. Duk da haka babu wata hukumar tarayya da doka ta ɗora wa ajiye sunayen masu bayarwa da masu karɓa na ƙasa baki ɗaya. Abin da ya rage wa mace shi ne amanar asibitin da ta shiga da takardar da ta sa wa hannu.

Akwai kuma abin da ya kamata duk wadda aka yi wa irin wannan tayi ta tambaya. Ba kowane ɗan tayin da ake kira na kyauta ba ne ragowar wasu ma'aurata. Wani sabo ake haɗawa, a ɗauko ƙwan wata budurwa a haɗa da maniyyin wani saurayi, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. 'Yan matan galibi ɗalibai ne ko masu ƙaramin ƙarfi da ake ba wa ɗan abin da ake kira kuɗin wahala, su sha allurai, wani lokaci cikinsu ya kumbura ya tara ruwa har a kwantar da su. A 2025 sai da sashen lafiya na Jami'ar Ibadan ya gargaɗi ɗalibai mata kan mayar da bayar da ƙwai hanyar samun kuɗi. Inda talauci ya tsaya a gefe ɗaya, ƙishirwar haihuwa a ɗaya gefen, dillalai ba sa rasa wurin zama a tsakiya.

Da muka dawo gida, kwana biyu Yaya ba ta ce komai ba. A na uku ta ce in raka ta wajen malamin da ke yi wa mata karatu a unguwarmu. Ba ta ce ita ce ba, ta ce wata ƙawarta ce. Kuma ta zo da hujjarta a shirye.

"Allah gafarta Malam, ai ita za ta ɗauki cikin wata tara. Jininta zai sha, ita za ta yi laulayi, ita za ta durƙusa naƙuda, ita za ta ba shi nono. Ba Allah ne ya ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su ba?"

Ayar gaskiya ce, tana cikin Suratul Mujadala, kuma malamin bai yi mata dariya ba. Ya ce malaman zamani sun yi saɓani a kan wace ce uwa idan ƙwai na wata ne mahaifa ta wata, wasu sun ce mai haihuwa, wasu sun ce mai ƙwai. Sannan ya ce: "To Hajiya, mu bar maganar uwa. Uban fa? Ranar suna, ɗan wa za a ce?" Yaya ta kawo hadisin da ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Ya ce wannan hukunci ne na raba gardama a inda abu ya riga ya faru kuma aka shiga shakka. Ba a mayar da shi ƙofar da miji da mata za su bi da saninsu su shigo da irin wani gida su rubuta masa sunan nasu.

Abin da ya faɗa shi ne matsayin manyan majalisun fatawa na Ahlus Sunna tun farkon fitowar dashe. A 1980 Shehi Jadul Haƙƙ na Masar ya ba da fatawar cewa dashe halal ne idan ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma igiyar aure tana nan, shigowar mutum na uku kuwa haramun ne. A 1986 majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta jera hanyoyi bakwai, ta halatta biyu ta haramta biyar. Cikin biyar ɗin akwai wannan da sunanta: a haɗa maniyyin baƙo da ƙwan baƙuwa a saka a mahaifar matar aure. Abin da ya fi nuna min yadda suka tsananta shi ne maganar kishiya. A 1984 majalisar fiƙihu ta Makka ta yarda a saka ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta, tunda miji ɗaya ne. Shekara ɗaya kacal, a 1985, ta janye, saboda kishiyar tana iya samun nata cikin a daidai lokacin, a rasa wane ɗa ne na wa. In an rufe ƙofa a kan kishiyar da ke ɗakin gefe, ta ɗan tayin mutanen da ba a ma san sunansu ba ai sai ta fi rufuwa. Dalilin guda ne: kiyaye nasaba, wadda take cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare, domin a kanta gado da waliccin aure da muharramci suke tsaye.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk duniyar Musulmi ce ta tsaya a nan ba. A Iran, Ayatullah Khamenei ya ba da fatawa a 1999 da ta buɗe ƙofar karɓar ƙwai da sharuɗɗa, kuma a 2003 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar kyautar ɗan tayi ga ma'auratan da ba sa haihuwa, ta hannun kotu. Ko a can malaman Shi'a ba su haɗu a kai ba, kuma maganar gado tana nan da wuyar warwarewa. Kiristoci ma sun rabu. Cocin Katolika ba ta yarda da dashe ba tun asali, kuma takardarta ta 2008 ta nuna damuwa ko a kan karɓar ɗan tayin da aka bari da niyyar ceto shi. Wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka kuwa suna ganin ceton rai ne, har suna da shirye-shiryen haɗa masu bayarwa da masu karɓa tun 1997. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista da ke Legas su ma wannan tambaya tana jiransu a gaban limamansu.

Ni dai ko da an ajiye fatawa a gefe, tambayar Yaya ba ta barina in yi barci. Wa zai sani? A zahiri babu. Maƙwabta za su ga ciki yana girma, za a yi suna a yanka rago, a yi wankan jego a dama kunun kanwa, uwar miji ta goya jikanta. Amma ɗan tayin da aka bayar yana da wata siffa da ake mantawa: yana da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da suke raye, suna girma a gidan waɗanda suka bayar da shi, kuma mai yiwuwa a cikin wannan gari. In ragowar guda huɗu ne aka raba wa gida biyu ko uku, to 'yan ciki ɗaya sun warwatsu a gidaje uku ko huɗu ba wanda ya san wani. Legas babba ce, amma masu iya biyan kuɗin dashe ba su da yawa, makarantun da 'ya'yansu ke zuwa da jami'o'in da suke haɗuwa ƙididdigaggu ne. Ingila ta ga wannan haɗari, ta iyakance mai bayarwa ɗaya ga gidaje 10, ta kafa hukuma mai rajista, kuma tun 2005 ta soke ɓoye sunan mai bayarwa, yaro in ya kai shekara 18 yana da haƙƙin ya san daga wa ya fito. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan a dokar ƙasa.

Kuma sirri irin wannan ya daina ɓoyuwa. Gwajin DNA yanzu a Legas abu ne da ake yi kullum, don neman biza, don rigimar aure, don rabon gado. Ku ɗauka Alhaji ya rasu ya bar gida a Agege da shanu da fili a Kano. Ƙannensa, waɗanda da ba shi da ɗa namiji su ne za su ci ragowar dukiya, suka ji ƙishin-ƙishin daga bakin wata da ta taɓa raka matarsa asibiti. Suka ce a yi gwaji. Sakamako ya fito: yaron bai haɗa jini da mamacin ba, bai haɗa da matar da ta haife shi ba. Wace kalma za a jefe shi da ita a zauren gidan da ya tashi? Mun san ta, kuma mun san ba ta wankuwa. Shi bai sa hannu a kowace takarda ba, amma shi zai biya. Uwar kuma da ta yi haka don ta tsira daga gori za ta tsinci kanta cikin zargin da ya fi gorin muni. Ko babu rigima ma, yaro zai girma yana ba likita tarihin ciwon gidan da ba nasa ba.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne muna da hanyar samun ɗa a ɗaki tun kaka da kakanni, wadda ba ta buƙatar ƙarya. Riƙo. Wace Bahaushiya ce ba ta san wadda gwaggonta ko innarta ta riƙe tun daga yaye har ta kai ta ɗakin miji ba? Abin da Musulunci ya hana shi ne canza wa yaro uba. Zaidu ɗan Harisa an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, har ayar Suratul Ahzab ta sauka ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Renon yaro kuwa, musamman maraya, Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancin mai yinsa da shi a Aljanna. Matsalar hijabi tana da magani ta hanyar shayarwa: in namiji ne, 'yar'uwar matar ta shayar da shi yana jariri, matar ta zama innarsa, in mace ce, 'yar'uwar mijin ta shayar da ita, ya zama kawunta. A mazhabar Malikiyya ko shan nono sau ɗaya a cikin shekara biyun farko ya wadatar. Gado bai ci, amma ana iya yi masa kyauta da rai, ko wasiyya har sulusin dukiya. Ɗan riƙo ya san uwarsa biyu, ya san ubansa, ba wanda zai firgita shi da takardar gwaji. A Legas ma akwai hanyar hukuma ta karɓar renon yaro ta ma'aikatar matasa da walwalar jama'a da kotun iyali, duk da tana da jinkiri.

To me ya sa riƙo bai ishi Yaya ba? Ta riƙe yara uku, biyu ta aurar. Amsar tana wuyanmu. Domin ranar da faɗa ya haɗa ta da facalarta, cewa aka yi ta bari sai ta haifi nata sannan ta sa baki. Domin a wajen biki an taɓa karɓe jariri daga hannunta. Domin kalmar juya tana yawo a bayanta shekara 17. Mace ba ta neman ta ɗauki cikin da ba nata ba sai an nuna mata cewa ciki ne kaɗai takardar zamanta a gida. Malam ya ce haramun, kuma gaskiya ya faɗa, amma in muka tsaya a nan muka watse, mun bar ta a inda muka same ta. Wanda ya yi gorin haihuwa ya manta ayar Suratus Shura, cewa Allah yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani, ya bar wanda ya so bakarare.

Ga kuma ɓata lokaci, wanda shi ne ya fi yi mana illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa, kuma ma'aunin likitoci shi ne shekara ɗaya ana tare ba ciki, a je a duba, in mace ta haura 35 ma wata shida. A duba su biyu, domin a kusan rabin ma'auratan da ke fama akwai hannun namiji a matsalar. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha. Amma a gidajenmu mace ce ke shan sassaƙe da rubutu da wankin mahaifa, shi kuma ya ƙaro aure. Mijin Yaya mutumin kirki ne, bai taɓa yi mata gori ba, sai dai shekara 16 yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Da ya je tana da shekara 28, akwai dabarar da aka fara a Beljiyam a 1992, wadda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya a soka ta cikin ƙwai, har wanda ba a ga komai a maniyyinsa ba wani lokaci ana samo 'yan ƙwayoyi daga marainansa. Da ƙwanta na ƙuruciya da nasa, da babu mai kawo mata zancen ɗan tayin wasu. Haka ma'auratan da dukansu AS ne, waɗanda a wasu lokuta ake nuna wa wannan hanya don gudun sikila: ana iya haɗa nasu 'yan tayin a gwada su kafin dashe, a zaɓi wanda ba SS ba. Akwai tsada, amma nasu ne.

Saura fuska ɗaya da ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba, kuma ita ta fi shafar mutanenmu da yawa. Muna maganar karɓa, mun manta da bayarwa. 'Yan kasuwarmu da matansu suna zuwa dashe na halal, daga Legas, daga Kano, daga Sakkwato, har daga Nijar. Kafin a fara ana miƙo musu fom mai shafuka da yawa, da Turancin lauyoyi. A ciki akwai wurin da ake tambaya: idan 'yan tayi suka ragu, me za a yi da su? Idan ɗayanku ya mutu fa, ko kuka rabu, ko kuka daina biyan kuɗin ajiya? Akwai ƙananan akwatuna da ake sa wa alama, kuma a wasu fom ɗin ɗaya daga ciki shi ne a ba wa wasu ma'aurata. Na ga da idona a ɗakin jira wani dattijo ya karɓi biro yana cewa ma'aikaciyar ta nuna masa inda zai sa hannu kawai, sauri yake yi. Mutumin da ba zai sayi buhun albasa bai zazzage ya duba ƙasansa ba. Alama ɗaya a akwatin da bai karanta ba tana iya sa ɗansa na cikinsa ya tashi a wani gida, da wani suna, wataƙila da wani addini.

Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi magana a kan wannan ma, a zamanta na Jidda a 1990. Ta ce a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da ake buƙata gwargwadon iko, in an samu ragowa a bar su ba tare da kulawa ba har su mutu da kansu, kuma haramun ne a saka su a mahaifar wata mace. Malamai sun kuma ce ko matar kanta ba za a saka mata ba bayan mutuwar miji ko bayan aure ya ƙare. Saboda haka duk mai zuwa dashe ya tafi da wanda zai karanta masa fom layi-layi. Ya tambayi guda nawa aka haɗa, nawa aka saka, nawa aka ajiye, a rubuta masa. Ya tambayi yadda ake yi wa kayan kowa alama don kada a cakuɗa, da abin da ke faruwa in ya yi shekara bai waiwayo ba. Asibitin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a nemi wani.

Yaya ta koma wajen likitar bayan wata guda, wannan karon da maigidanta. Ta ce in gaya mata ta gode, amma na wasu ba za ta ɗauka ba. Ta tambaya ko za a gwada da nata ƙwan sau ɗaya. Likitar ba ta ɓoye mata ba, ta ce damar kaɗan ce ƙwarai, kuma kuɗin ba ya dawowa. Alhaji ya ce a gwada, shi ya jawo jinkirin, shi zai biya. Na karanta musu fom ɗin da Hausa tun daga shafin farko, ya ɗauke mu fiye da awa ɗaya. Da muka zo kan akwatunan, Yaya ta karɓi biron da kanta ta ce in nuna mata wanda ya ce kada a ba kowa.

Za a fara allurai in al'adarta ta zo a watan gobe. Magungunan suna cikin firjin wata maƙwabciyarmu mai janareta, a naɗe cikin baƙar leda, saboda wutar layinmu ba ta da tabbas.